Huda shida ta isa a ce wili zai hau?

Mai Tsohuwar Hilux: Jama'a, ku raba mana gardama. Na ce duk wili mai huda shida zai hau kowace tsohuwar akori-kura mai ƙusa shida. Hilux, L200, Isuzu, Nissan D22, ai awonsu ɗaya ne, 6×139.7, wato huda shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Abokina ya ce ba haka ba.

Direba: Gaskiyarka. Na sha cirewa daga wannan in ɗaura wa waccan, ko gezau.

Bakanike: Malam Direba, sa'a ka yi. Huda ita ce farkon magana. Ramin tsakiyar wilin Hilux mai ƙusa shida milimita 106 ne, na Chevrolet kuwa 78, ko kan cibiyar Hilux ba zai zauna ba. Sannan ga kalifa, ƙarfen da ke matse faifan birki. Ta gaban tsohuwar Toyota mai jan ƙafa huɗu fistin huɗu gare ta, kumatunta sun turo waje. Wili biyu duk inci 15, ɗaya ya wuce lafiya, ɗaya bayan fuskarsa ya riƙa gogar ta.

Mai Tsohuwar Hilux: To Oga, in na sa inci 16 ai an wuce wurin?

Bakanike: Ba lallai ba. Inci yana ba da fili ta sama ne. Gugar gefe kuwa ta danganta da lanƙwasar fuskar wilin da lambar ET da ke bayansa, wadda ke nuna yadda wilin ya shige ciki ko ya fito waje.

Direba: Gugar me? A ɗan sa giranda a shafe kumatun kalifar, magana ta ƙare. Ana yi kullum.

Ɗan Gareji: Haba Yaya! Bayan ƙarfen nan man birki ne da fistin. Wa ya auna maka kaurinsa? Ranar da ka taka da kaya a gangara za ta tsage. Gara zoben ƙarin tazara tsakanin wili da cibiya.

Bakanike: Shi ma da sharaɗi. In siriri ne yana cinye tsawon ƙusa, noti ya kama zare kaɗan. In ya yi kauri, boris ke shan wahala. Ni dai ɗaga motar a jak, ɗaure wilin ba taya da noti uku, juya da hannu, zura kwali mai kaurin milimita 3 tsakaninsa da kalifa. In ya maƙale, mayar wa mai shi.

Direba: Ban dai sauka ba. Tawa tana tafiya.

Ɗan Gareji: Cire wilin gaba ka leƙa cikinsa. In ka ga zobe mai sheƙi inda fenti ya goge, turo mana hoto.