Halin shugaba a lokacin ruɗani: darasin zamanin 'Yar'aduwa

Bakatsine:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: idan ƙasa ta shiga halin rashin tabbas, kyawun halin shugaba yana isa ya riƙe ta? Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa nake da shi a rai, mutumin da a ranar rantsar da shi a matsayin shugaban Najeriya, 29 ga Mayun 2007, ya amince a bainar jama'a cewa zaɓen da ya kawo shi bai tsira daga kurakurai ba, sannan ya wallafa kadarorinsa alhali doka ba ta tilasta masa bayyana su ga jama'a ba.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Malam, a ganina amfanin wannan hali ya fito fili a rikicin Neja Delta. Lokacin da ya yi shelar afuwa a watan Yunin 2009, hare-haren tsageru sun riga sun durƙusar da haƙar mai, kuma babu abin da zai sa mai riƙe da bindiga a cikin fadama ya miƙa ta sai ya yarda cewa wanda ya yi masa alƙawari ba zai saɓa ba. Da yawansu sun miƙa makaman kafin wa'adin 4 ga Oktoba ya cika. Amanar da ya tara tun farko ce ta yi masa rana.

'Yar Zazzau:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ina da ja. Gwamnatinsa ce ta kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyaran zaɓe, kuma ita ce ta ƙi shawarar raba shugaban ƙasa da ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe. Sannan da rashin lafiya ta kai shi Jidda a Nuwamban 2009, ba a aika wa majalisa takardar da sashe na 145 na kundin tsarin mulki ya ambata ba, wadda da ita mataimakinsa zai riƙe mulki, ƙasa ta zauna sama da wata biyu ba a san mai jan ragama ba, har sai da majalisa ta ɗora mataimakin nasa, Goodluck Jonathan, a matsayin muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairun 2010.

Tsohon Malami:
Hajiya, batun Uwais na karɓa. Amma maras lafiya da ke kwance ba shi za a tuhuma kan takarda ba. A tambayi waɗanda suka kewaye shi, domin a waɗannan makonni halinsu ne ya yi mulki, ba nasa ba.