Cefanen Dubu Ashirin da Rigimar Waye Talaka

Malamin Firamare: Jama'a ku taya ni ji. Jiya na shiga kasuwar Singa da dubu ashirin, na fito da leda ɗaya a hannu. Madarar leda ka matsa ta, rabinta iska ce. Na juya bayanta na karanta, ashe an cire man nonon an zuba man tsirrai. Tumatirin leda ma har da sitaci da sukari a ciki. Kuɗi ya hau, leda ta ƙanƙance, abin cikin ma ba abincin kirki ba. Haka mu talakawa za mu ƙare?

Mai Adaidaita: Malam, wai "mu talakawa"? Mai shiga Singa da dubu ashirin a aljihu? Ka zo layinmu ka ga masu awon gwangwani.

Malamin Firamare: Ƙanena, albashina nawa? Dubu 70 ɗin mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024, buhun shinkafa ɗaya ta cinye ta a lokacin.

Mai Adaidaita: Ai kai ana turo maka saƙon banki ƙarshen wata. Ni in ban fita ba, ba a ɗora tukunya.

Hajiya Mai Abinci: Gaskiyar yaron nan. Talaka bai san madara ba, koko yake sha, in ya samu ƙosai ya gode Allah.

Ɗan Singa: Ni dai kar a ɓata mana kasuwa. Mu ba mu muke ɗura iska a leda ba, yadda katan ya zo haka muke sayarwa.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku bar maganar talaka, batun Malam na biyu shi ne babba. Taliyar yara safe da dare, lemon kwalba, biskit, dunƙule huɗu a miya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi gishiri kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Masu hawan jini da nake gani yanzu har da 'yan shekara talatin.

Hajiya Mai Abinci: 'Yata, ki yi miya ba dunƙule ki kawo wa masu saye, ki ga wa zai dawo.

Ma'aikaciyar Jinya: Hajiya, iyayenmu da daddawa suka yi.

Hajiya Mai Abinci: Daddawar kalwa ko wannan ta waken suya da ake damfarar mutane da ita?

Bazazzagi: Wannan a Kano ne. Mu wajenmu kalwa zalla.

Ɗan Singa: Ka ji Zage-zagi! To me kuke zuwa nema a Dawanau?

Bazazzagi: Kawo muku masara muke yi, ranka ya daɗe.

Ɗan Jam'iyya: Duk kuna zagaye-zagaye. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, aka kuma saki naira, komai ya tashi. Wasu a nan su suka yi layi suka zaɓa.

Mai Adaidaita: Buharinku da ya yi shekara takwas fa? Wa ya rufe boda a 2019?

Ɗan Jam'iyya: Ai rufe bodar ne ya sa manoman shinkafa suka je Makka.

Malamin Firamare: Jama'a ni fa maganar madara na kawo.

Mai Adaidaita: Ka janye "talakawa" tukuna, Malam.

Malamin Firamare: Ba zan janye ba. Wanda ke cin bashin mai shago daga ranar 10 ga wata, me sunansa?

Hajiya Mai Abinci: Mai rufin asiri. Talaka ko bashin ba a ba shi.

Ma'aikaciyar Jinya: Na turo hoton bayan ledar, ba wanda ya buɗe.

Bazazzagi: Data ta yi tsada, Anti.

Shugaban Zaure: To, an yi kiran Isha'i, zan rufe. Abin da na fahimta: an amince Malam ba talaka ba ne, don mutum biyu sun faɗa. An kuma amince 'yan kasuwa ba su da laifi ko kaɗan, ni shekarata 22 a shago, ribar katan ba ta taka kara ta karya ba. Maganar dunƙule kuwa, Anti ta tsorata mutane ne kawai, kakata ta ci shi har ta haura tamanin. Batun daddawa Kano ce ta yi nasara. 'Yan siyasa ku koma zaurenku. Mai son madarar gwangwani ta asali ya same ni a shago bayan Azahar, akwai ragi ga 'yan zaure.

Bazazzagi: Wa ya ce Kano ta yi nasara?