Na ba magini jinga, ya karɓi rabin kuɗi ya koma wani aikin

Sabon Ɗan Kwangila: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara, abin nan ya hana ni barci. Na daɗe ina riƙe wa wani injiniya sito, sai bara na yi wa kamfanina rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na tsaya da ƙafata. Wannan ne babban aiki na farko da na samu, bene hawa ɗaya. Mai gidan abokin yayana ne, a Abuja yake zaune, kuma yayan nawa ne ya tsaya mini har aka ba ni, in na ji kunya ba ni kaɗai na ji ba. Na ba wani magini jingar aikin gaba ɗaya har zuwa dekin, shi zai kawo kafinta da mai ɗaurin rodi. Ya karɓi rabin kuɗin. Da aka kai linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, sai ya kwashe yaransa zuwa wani aikin, kullum sai ya ce gobe. Kafinta ya ce shi ba a biya shi ba. Mai gida kuma yana so a zuba dekin kafin damina ta kankama. In kawo wani ne ko in jira?

Tsohon Foman: Wa alaikumus salam. Ƙanena, akwai takarda tsakaninku? Kuma ka auna aikin da ya yi? Kafin ka kira kowa, ɗauki tef ka auna bangon. Bulo 10 ne ke shiga murabba'in mita ɗaya, daga nan za ka san yawan abin da ya jera, ka haɗa da harsashi da linta, ka ga ko kai ke bin sa ko shi ke bin ka. A yi awon a gabansa da shaidu biyu, kowa ya sa hannu. Idan ka kawo wani magini ba a yi wannan ba, duk karkatar da aka gani daga baya kowa zai ɗora wa ɗan'uwansa.

Sannan ba a ba mutum ɗaya jingar sana'a uku. Magini daban, kafinta daban, mai rodi daban, kowa daga hannunka yake karɓa. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Sauran a biya mataki-mataki: harsashi, matakin taga, linta, dekin. Ka riƙe kashi 5 sai bayan wata shida da gama aiki, saboda tsagewa da yoyo.

Sabon Ɗan Kwangila: Baba, babu takarda, amma mutumin ba baƙo ba ne, a masallaci ɗaya muke salla. Kuma da ban ba shi rabi ba da bai fara ba.

Tsohon Foman: Wanda ba zai fara ba sai da rabi, kuɗinka yake so ya ƙarasa aikin wani da shi. Haka jinga take tafiya yanzu, a ci na gaba a rufe na baya.

Hajiya Mai Kwangila: Ni ban goyi bayan raba jingar ga sabon shiga ba. Mutum uku ko huɗu za su riƙa jiran juna, kafinta ya ce mai rodi ne ya tsayar da shi, mai rodi ya ce ba a gama katako ba, kuma kai ne a tsakiya. Gara shugaba ɗaya, amma ranar biya ka tara su, a miƙa wa kowa kuɗinsa a gabanka. Kaya kuwa kai za ka saya. In ka ba da jinga haɗe da kaya, inda ya kamata buhun siminti ya fitar da bulo mai inci 9 kamar 25 zuwa 30, sai a matse shi ya haifi 40, rodi mai kaurin milimita 12 ya koma mai 10.

Mai Wayarin: Kullum sai an gama lissafi a tuna da mu. Malam, ka kira mai wuta da mai famfo kuwa? Bututun waya da akwatunan fitila ana shimfiɗa su ne bayan an ɗaure rodi, kafin a zuba kankare. In an zuba babu su, sai fasa dekin, kuma a ce mu ne muka ɓata gini. Waya mai kauri 1.5 ta fitila ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita 4 zuwa sama. Ka rubuta wannan a yarjejeniyarku.

Tsohon Foman: Hajiya, shugaba ɗayan nan shi ya kawo yaron nan inda yake. Ƙanena, batun dekin kada gaggawar mai gida ta ja ka. Injiniya ya duba ɗaurin rodi da tokara kafin a zuba. Haɗi 1:2:4, siminti, yashi, tsakuwa, kuma da ma'auni ɗaya, ba da ido ba. A zuba a yini guda. A riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, katakon ƙasa kuma ya kai kwana 21. Kafinta mai jinga zai matsa a cire da wuri don ya kai katakon wani aikin, kada ka yarda. Ranar zubi ma ka tanadi takalman roba da safar hannu, in lebura ya ji rauni kai za a nema.

Sabon Ɗan Kwangila: Injiniyan da ya zana taswirar ya ce sai an biya shi kuɗin zuwa, kuma ban sa shi a lissafi ba. Ai na ga an ɗaure rodi sau da yawa, zan iya dubawa da kaina.

Tsohon Foman: Bene ne fa, mutane za su kwana a ƙarƙashinsa. Ka biya shi ko daga ribarka ne.

Hajiya Mai Kwangila: Ka kai maganar maginin wurin shugaban ƙungiyar maginan unguwarku ko liman, a yanka masa rana. Kada ka fara da 'yan sanda, aikin zai tsaya gaba ɗaya.

Mai Wayarin: A ganina ya sallami maginin kawai, ya ɗauki masu aikin yini ya tsaya a kansu da kansa.

Sabon Ɗan Kwangila: Na gode muku. Yanzun nan maginin ya kira ni, ya ce Asabar zai dawo idan na ƙara masa wani abu ya sallami kafinta. Ina ganin in ba shi kaɗan, kada a ce na tozarta shi. Ko dai in ba kafintan a hannunsa?