Fita da 'yan rabin aji karatu a waje: ta ina za a fara?

Malamar rabin aji: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman shawara kan fitar da yara 'yan shekara 3 zuwa 5 su yi karatu a fili ko lambu. Ajin yara 20 ne. Me ake fara yi?

Shugabar makaranta: Wa alaikumus salam, Malama. Iyaka ake fara kafawa kafin darasi. Ki zagaye wurin da igiya, ki bi da su su taɓa kowace kusurwa. Ki zaɓi kira ɗaya na dawowa, usur ko tafi uku, a yi ta maimaita shi a wasa har ya zauna musu. Manya huɗu, kowa da yaransa biyar, ƙirge lokacin fita da lokacin dawowa. Makon farko minti 20 ya wadatar.

Malamin aikin gona: Hajiya ta faɗi gaskiya. Darasin farko kuwa, ba kamar shukar wake. A jiƙa shi kwana ɗaya, a liƙa auduga mai laima a cikin kwalbar roba da ake ganin cikinta, a cusa ƙwaya uku tsakanin auduga da jikin kwalbar. Cikin kwana biyu zuwa huɗu saiwa za ta leƙo, kuma ita ce ke riga ganye, abin da ke ba yara mamaki. Inda ake yin asara wajen ban ruwa ne: kowane yaro na son ya zuba, ruwa ya kwanta, iri ya rasa iska ya ruɓe. Cokali biyu a rana, yaro ɗaya ke da aikin. Idan za a shuka a ƙasa, zurfin gaɓar yatsa ɗaya, kar a wuce. Froebel, malamin da ya raɗa wa makarantar rabin aji suna "kindergarten" a Jamus a 1840, kowane yaro ɗan fegensa ya ba shi, kuma har yau hakan ya fi rage rigimar "nawa ne".

Ma'aikaciyar lafiya: Malam, a ƙirga waken nan kafin a raba da bayan an gama. Ɗan shekara uku hanci ko kunne yake kai shi. Kafin yara su fito, babba ya zagaya: zurma, zaƙami da bini-da-zugu duk 'ya'yansu guba ne, a cire su. Bokitin ruwa a rufe ko a kife. Ruwa kaɗan ma yana iya halaka ƙaramin yaro, kuma in ya yi mako a ajiye sauro ya samu gida. A fita kafin ƙarfe 10, a wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20 bayan an dawo.

Malamin kimiyya: Ki gwada zanen inuwa. Yaro ya tsaya wuri guda, a zana ƙafarsa da inuwarsa da alli da safe, a sake da tsakar rana. Kar ki gaya musu dalili, tambaye su ina sauran inuwar ta tafi. Ba a kallon rana, gilashin ƙara girma kuma sai a inuwa, don yana tara zafi ya ƙona fata.

Malamar rabin aji: Masu son ɗaga dutse su ga ƙwari fa?

Malamin aikin gona: Babba ne ke ɗagawa, da sanda, ya buɗe gefen da ke nesa da shi, don in akwai kunama ta gudu can. In kuma tana ce, wato tsutsar ƙasa, a riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu, ta fatarta take numfashi. An gama kallo, a mayar da dutsen yadda yake.