Tsofaffin littattafan satifiket da koyon aikin saba a ɗaki

Ga abin da na tsinta daga tattaunawar da muka yi da 'yan uwa masu harkar kwamfuta a Samaru, kan ko tsofaffin littattafan RHCSA da MCSA na da sauran amfani. Su biyun satifiket ne na aikin kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, RHCSA na ɓangaren Linux, MCSA kuma na Microsoft.

Mafi yawa sun ce a riƙe su, domin tushen bai canza ba, DNS (mai juya sunan shafi zuwa adireshi) da DHCP (mai raba wa kwamfutoci adireshi) da izinin fayil da buɗe wa ma'aikata akawun duk suna nan yadda suke. Amma a kula, Microsoft ta daina jarabawar MCSA tun 2021, CentOS 7 ma, wani nau'in Linux da ake koyon RHCSA a kai, ya daina samun tallafi a Yunin 2024, don haka in littafinka na CentOS ne sai ka sauke Rocky Linux ko AlmaLinux, waɗanda suka maye gurbinsa, ka bi darasin a kai, inda umarni ya ƙi aiki ka bincika dalili, wallahi a nan ne ake koyon gaske. Littafin da ya girmi systemd, tsarin da ke tada ayyuka a Linux na yanzu, kam ni ban ba da shawararsa ba. Wanda zai zauna jarabawar RHCSA kuma dole ya duba sabon jerin darussan jarabawar.

Batun kayan aiki, laftof ɗin gwanjo mai RAM 8GB ya isa farawa. Ka sa VirtualBox, manhajar da ke tada kwamfutocin gwaji a cikin laftof ɗinka, kyauta ne, ka tada saba biyu a ciki ka haɗa su, ka ɗauki sinafshot, wato ka ajiye yanayin da suke ciki don ka iya komawa gare shi, kafin ka lalata ɗaya da gangan sannan ka gyara. Windows Server na gwaji kwana 180 ake bayarwa. Saboda yanayin wutar Zariya laftof ya fi kwamfutar tebur, batirinsa zai riƙe ka, manyan fayiloli kuma a sauke da datar dare.