Neman kalma: me za mu kira zanen da ake yi a bakin kogi, ido na ganin abin?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo ta nan mu tauna tare.

Sana'ata rubuta allunan shaguna a nan Garwa, arewacin Kamaru. Amma duk Lahadi bayan sallar asuba nakan ɗaure akwatin fenti a bayan babur, in gangara bakin Binuwai wajen tsohuwar tashar jiragen ruwa, in kafa allona in zana abin da ke gabana: kwale-kwalen masu ɗiban yashi, gada can nesa, wankin da aka shanya. Faransawa suna kiran wannan aiki peinture en plein air. Da wannan suna na koye shi, da shi nake faɗa wa abokai waɗanda muka yi boko tare.

To, Lahadin nan wani dattijo mai kwale-kwale ya daɗe tsaye a bayana yana kallo. Can ya ce, "Ɗana, wannan aikin naka yaya sunansa?" Na ce, "Baba, zane ne." Ya ce, "Zane kam na gani. Jikana ma yana zane, a ɗaki, daga waya yake kwafa. Kai me ya fito da kai cikin sauro da raɓa?" Na buɗe baki, Faransanci ne kaɗai ya zo. Abin ya dame ni ƙwarai, don tambayarsa daidai take, kuma da Hausa ya yi ta.

Bari in fara bayyana abin, don kada mu raɗa wa yaro suna ba mu ga fuskarsa ba.

Masu zanen Turai na da a ɗaki suke gama aikinsu. Ko sun fita, ɗan zayyana kawai suke yi su koma. Dalili ɗaya shi ne fentin kansa: niƙa shi ake yi da hannu, a ɗura a mafitsarar alade, in an huda ta kuma sauran ya kama bushewa. A 1841 wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro ɗan bututun kuza mai murfi, irin wanda muke matse man goge baki daga ciki. Daga nan fenti ya shiga aljihu. Tun kafin haka wasu sun riga sun tare a ƙauyen Barbizon, gefen dajin Fontainebleau a Faransa, suna zana itatuwa a inda suka tsiro. Shi kuwa Eugène Boudin, wani mai zane mutumin Honfleur ta bakin tekun Faransa da ya tashi cikin jiragen ruwa, shi ya jawo Claude Monet yana saurayi ya ce ya fito ya zana sama da teku da idonsa. A 1872 Monet ya zana tashar jiragen ruwa ta Le Havre da hantsi bai ɗaga ba, jar rana cikin hazo, ƙananan jirage kamar inuwa. Da aka nuna zanen a Paris a 1874 wani ɗan jarida ya yi masa ba'a da sunan da Monet ya ba shi, Impression, ba'ar kuma ta zama sunan salon zanen Monet da abokansa gaba ɗaya.

Abin da littafi ba zai gaya maka ba sai ka tsaya da kanka: tsere kake yi da rana. Daga ƙarfe 6 zuwa 8 nake da su. Inuwar da na sa a ƙarƙashin kwale-kwale da farko, kafin in gama gaɓar can ta riga ta gudu. Mai kwale-kwalen ma ba zai jira ni ba, yashinsa zai kai. A tsakiyar damina ruwan ja ne wur kamar an dama jar ƙasa, da rani kuma sai tsibiran yashi su fito ruwan ya koma siriri mai ɗan kore. In hazon hunturu ya sauko, gaɓar can takan ɓace gaba ɗaya, sai ka zana farin da ba fari ba. A watan Maris fentin ruwa yakan bushe a bakin burushi kafin ya kai allo, na mai kuma ƙura yake kwasa. Kuma ido yana ganin abin da waya ba ta gani. Ɗauki hoton inuwar kwale-kwale, baƙa za ta fito. Tsaya ka dube ta minti biyar, za ka ga shuɗi a ciki, har da ɗan ja-ja daga hasken yashi. Wannan bambancin nake so kalmar ta ɗauka.

Ga waɗanda na gwada da kaina kafin in zo gare ku.

Fassarar kai tsaye ba ta taso ba. Plein air iska ce cikakkiya a bakin Bafaranshe, mu kuwa mun san inda "iska" take kai magana. Wanda ya ce wa surukinsa yana "zanen iska" ya gama da kansa.

"Zanen waje" shi ya fara zuwa mini. Na gwada shi a kan ƙanena, ya ce, "Na wace ƙasa, Yaya?" Waje a kunnenmu ƙasar waje ce, kamar kayan waje. Wani kuma zai ɗauka fentin bangon gida ta waje ake nufi.

"Zanen fili" kuwa, je ka faɗe shi gaban dillalin filaye, takardar awon fuloti zai miƙo maka.

Ina sauraronku.

Na gode, na ga amsoshi sun taru tun kafin azahar.

Malamin makaranta da ya rubuto daga Marwa ya kawo "zanen sarari". Malam, wannan ta yi mini daɗi a baki, kuma ita ce mafi kusa da nufin Faransawa. Na kwana biyu ina juya ta tun kafin ka faɗa. Abin da ya hana ni riƙe ta: sau da yawa ba a sarari nake ba. In rana ta yi zafi ƙarƙashin bishiya nake rakuɓewa. Wanda ya zauna a rumfar kasuwa yana zana layin 'yan goro aikinmu ɗaya da shi, alhali ko sama ba ya gani. Ga shi kuma mutane biyu a nan sun riga sun ɗauka zanen sararin samaniya ake nufi, taurari da wata.

Ɗan'uwanmu na Njamena, wanda ya ce shi ma yakan zauna a bakin Shari, ya ba da "zanen kai-tsaye", kamar yadda rediyo ke cewa shiri kai tsaye. Akwai hikima a ciki, don ta kama batun lokaci. Sai dai tana da ƙamshin gidan rediyo, kuma ban ga dattijon nan na bakin ruwa zai ɗauke ta ba. Zan riƙe ta wajen bayani: na zana shi kai tsaye, ban kwafa ba.

Ga wanda ya tambaya ko wannan aiki ya halatta: ni ba malami ba ne, amma abin da na dogara da shi sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Mai yin hotuna ya zo wa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce da wannan yake ci, sai ya ce masa in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Ruwa, gada, jirgi da gajimare nake zanawa. Ko dorina ta ɗago kai, kallonta nake yi kawai.

Yanzu ga abin da ya faru da daddare. Ina karanta wa mutanen gida amsoshinku a tsakar gida, gwaggona tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ban ma zaci tana bi ba. Da na maimaita maganar dattijon da jikansa mai kwafa daga waya, sai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Ai kai ganau ne, yaron nan jiyau."

Zanen ganau.

Na tashi zaune. Duk yinin nan muna bin Bafaranshe muna neman inda mai zanen ya tsaya, waje ne, fili ne, sarari ne. Hausa kuwa ba ta damu da inda ka tsaya ba, tambayarta ita ce kana wurin ko labari aka ba ka. Kalmar tana nan tun kakanni, kowa ya san "ganau ba jiyau ba", ba sai an yi wa kowa darasi ba. Ta kuma zo da kishiyarta a hannu: wanda ya kwafa daga hoto zanen jiyau ya yi, kuma ba zagi ba ne, ni ma shi nake yi duk mako in mai shago ya kawo hoton abin da yake so a allonsa.

Na ga ƙorafi biyu, dukansu masu nauyi.

Malam na Marwa ya ce ganau mutum ne, don haka "zanen ganau" zai iya zama hoton mai ba da shaida. Malam, dubi yadda muke cewa labarin ganau, ko shaidar ganau. Ba wanda ke jin labari ne a kan ganau, kowa ya san daga bakinsa ya fito. Haka ɗinkin tela, haka ƙirar maƙeri. Ginin kalmar namu ne.

Na biyu ya fi ƙarfi: wanda ya zaunar da mutum a ɗaki yana kallonsa yana zanawa, ai shi ma ganau ne. Gaskiya ne, na karɓa. Kalmarmu ta fi plein air faɗi kaɗan. Amma ku ji wannan: zanen nan na Le Havre da ake kafa misali da shi, ta tagar ɗakin otal Monet ya leƙa ya yi shi. Ba a cikin iska yake ba, amma ganau ne. Su Faransawan ma suna da wata magana, sur le motif, wato a gaban abin da ake zanawa, kuma masu aikin sun fi yawan faɗarta a tsakaninsu. In ana son a tantance sai a ƙara wurin: zanen ganau na kasuwa, na daji, na bakin ruwa.

Wannan ya kawo mu wata maganar da na kusa mantawa, wato sunan wurin da nake zanawa, abin da Faransawa ke kira port. "Tashar jiragen ruwa" daidai ce ga Duwala da Kiribi da Le Havre. Ta dace da Garwa ta da ma, lokacin da manyan jirage ke hawowa daga Najeriya ta Lokoja da Yola a 'yan watannin da ruwa ya cika, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982, kaya suka koma hanyar mota, yashi ya ci gaba da cike kogin. Abin da nake zanawa yau ba tasha ba ce, gaɓa ce da kwale-kwale ke ɗaurewa. Wani masunci daga gefen tafkin Chadi ya tuna mana cewa su "kwata" suke cewa, kamar a sunan Kwatar Daban Masara. Na san a wasu garuruwa kwata magudanar ruwa ce, ko wurin mahauta, amma mutanen ruwa sun riga mu amfani da ita, kuma su ne masu wurin. Na ɗauka.

Saboda haka abin da zan rubuta a bayan allunana daga yau shi ne: zanen ganau, kwatar Garwa, sai kwanan wata.

Saura abin da ake jingina allon a kai, mai ƙafa uku. Faransawa sun ce chevalet, ɗan doki, mutanen Holan kuma jaki suke ce masa. Ni "jakin zane" ya kwanta mini, tun da kaya yake ɗauka ba ya gardama, amma ban yanke ba, ku kawo naku.

Yau Lahadi na koma. Dattijon yana kwance igiyar kwale-kwalensa na gaishe shi, na ce, "Baba, na samo sunan. Zanen ganau ne." Ya maimaita sau ɗaya a hankali, ya gyaɗa kai, bai nemi bayani ba. Sai ya nuna wani faci na gwangwani a gefen kwale-kwalen ya ce in zan zana nasa kada in ɓoye wannan, shi ya buga da hannunsa shekarar da ruwa ya yi yawa. Mun yi da shi zai bar mini jirgin a ɗaure mako mai zuwa har ƙarfe 7 da rabi. Ruwa ya fara ja baya, dole in matso da jakin ƙasa kaɗan.