Hubbare, gunki ko dandali: me za mu kira wurin Martin Luther King a Washington?

1/ Jama'a, a taimaka mana da kalma. Bature ya ce "memorial", mu kuma a rediyo da jarida kowa da abin da yake fassarawa. Bari mu gwada ta a kan wurin da aka gina wa Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata na Amurka, a birnin Washington, mu ga wacce za ta zauna.

2/ Ga yadda wurin yake ga wanda bai taɓa gani ba. Fili ne buɗaɗɗe a bakin tafki, tsakanin gine-ginen tunawa da tsofaffin shugabannin Amurka Lincoln da Jefferson. Mai ziyara zai ratsa ta tsakanin manyan duwatsu biyu, kamar an tsaga dutse ɗaya an zare tsakiyarsa an turo gaba. A jikin wannan da aka zaro aka sassaƙa King tsaye, ya harɗe hannu a ƙirji, tsayinsa ya kai kusan mita 9. Wani ɗan ƙasar Sin, Lei Yixin, shi ya sassaƙa. An ɗauko fasalin ne daga jawabinsa na 28 ga Agusta 1963, inda ya yi maganar fafe dutsen kyakkyawan fata daga tsaunin fidda rai. Sannan akwai doguwar katanga da aka rubuta maganganunsa 14. An buɗe wurin a 2011, kuma da gangan aka ba shi lamba 1964 a titin, shekarar da aka sa hannu a dokar hana wariyar launin fata a wuraren jama'a.

3/ Wani malami ya ce a kira shi hubbare. Allah ya gafarta Malam, hubbare sai da kabari. Duk wanda ya je Hubbaren Shehu a Sakkwato ya san wa ke kwance a ciki, kuma addu'a ta kai shi. A Washington ba a binne kowa ba. King yana kwance a Atlanta, shi da matarsa Coretta wadda ta rasu a 2006. In ka ce hubbare, mai sauraro a Katsina ko Maraɗi zai ɗauka can gawarsa take.

4/ Gunki? A'a. Gunki bauta masa ake yi. King limamin coci ne, da shi ma bai yarda ba.

5/ Mutum-mutumi ya fi kusa, amma siffar kaɗai ya ambata. Ina katangar, ina duwatsun da ake ratsawa, ina filin? Ga kuma irin wuraren da babu siffar kowa, kamar na sojojin Amurka da suka mutu a Vietnam, wanda asalinsa baƙar katanga ce cike da sunaye. Mu dai kalmar da za ta ɗauki duka muke nema.

6/ Gidan tarihi kuwa yana da mai shi. Masaukin Lorraine da ke Memphis, inda aka harbe King ranar 4 ga Afrilu 1968, shi aka mayar gidan tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a 1991. Gini ne mai ɗakuna da kayan kallo, kamar Gidan Makama a Kano. Na Washington ba rufi, ba kuɗin shiga, ko da dare kana iya zuwa.

7/ Wata 'yar uwa ta kawo ƙirƙira: "matuna", a bisa tsarin makaranta da majema da mahauta. Gaskiya ta burge ni, Hausa ce tsantsa. Matsalar ita ce a rubuce ba ma sa karin sauti, sai a karanta ta a matsayin masu tunawa, wato jam'in mutane. Kuma kalmar da sai ka tsaya ka yi wa tsohuwa bayani a tsakiyar labarai, da wuya ta yi rai. Amma kada a yar da ita, mawaƙa na iya ɗauka.

8/ Ni dai na tsaya a kan "dandalin tunawa". Dandali fili ne na kowa, ba ƙofa ba mai gadi, ana taruwa a watse, kuma intanet ta riga ta sabar mana da shi a sabuwar ma'ana. Na san wani zai ce dandali wurin gaɗa ne, bai dace da wanda aka kashe ba. To "tunawa" ai ita ke sa masa nauyi. Ku gwada a baki: "Shugaba Obama ya yi jawabi a dandalin tunawa da Martin Luther King ranar 16 ga Oktoba 2011." Ba inda harshe ya sarƙe.

9/ Inda abin ba fili ba ne, hasumiya ce ko allo a bango, sai a canja kalmar farko: hasumiyar tunawa, allon tunawa. 'Yan Nijar, ku da kuke fassarawa daga Faransanci, me kuke cewa a Damagaram?